Bebiya, Tafinta da Hankaka: Inda Dokokin Dungeons & Dragons Suka Gaza

Ranar da wata ƴar ajinmu ta ce tauraruwar da za ta gina bebiya ce, kuma mai sihiri, sai da tebur ya yi tsit. Mai jan wasa ya ɗauko takardun da muka yi wa fotokopi, ya buɗa nan, ya buɗa can, sannan ya ce: "Ƴar'uwa, doka ba ta hana ba, amma fa za ki sha wuya." Gaskiya ya faɗa. Dalilin wannan wuyar nake son mu duba, don ya nuna mini abin da wasan ya ɗauka da muhimmanci da abin da ya yi wa riƙon sakainar kashi.

Ga wanda bai taɓa zama da mu ba: Dungeons & Dragons wasan tebur ne na ƙagaggen labari, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa na riƙe da tauraro guda. In tauraro ya yunƙura zai yi abin da ka iya faskara, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, lamba ta raba gardama. Bugu na biyar, na 2014, shi muke bi. Babban littafinsa, Player's Handbook, ya ba ka sana'o'i 12 da jinsuna 9, kuma kowane tauraro ana auna shi da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima, kwarjini.

A ajin nahawu an koya mana cewa in kana son sanin iyakar ƙa'ida, baƙuwar jimla za ka kawo mata, ka ga ko za ta ɗauka. Haka tauraro yake. Mayaƙi mai takobi da garkuwa kowace doka ta san da zamansa. Mu gwada taurari uku da harshe ne jigonsu.

Na farko, bebiyar. Kowane sihiri a wasan yana da sharuɗɗa daga cikin uku: furuci, motsin hannu, ko kayan haɗi. Mafi yawansu na buƙatar furuci. Littafin ma ya bayyana cewa ƙarfin ba cikin ma'anar kalmomin yake ba, cikin haɗuwar sautuka ne da tashi da saukar murya. Wannan ya burge ni, don Bahaushe ya san karin sauti ne ke raba kukan jariri da kukar miya. Amma ga bebiya ƙofa ce rufaffiya. Abin da ya rage mata kaɗan ne, kamar ƙaramin ruɗin ido da ake koya tun matakin farko, sai kuma sihirin warware sihirin wani da na sanƙarar da abokan gaba da launuka, waɗanda sai ta kai mataki na 5. Hanya mafi sauƙi ita ce ta zama mai sihirin gado, wanda a mataki na 3 yake iya yin sihiri a ɓoye, ba murya ba motsi, a kan maki ɗaya. To maki nawa gare ta a lokacin? Uku, kuma sai bayan dogon hutu suke dawowa. Gurabun sihirinta shida ne. Ke nan in tana son wuce uku, sai ta ƙone wani sihiri ta saya wa wani shiru. Abokin tahiyarta mai baki bai biyan ko dala.

Na biyu, tafinta. Ni na so in gina shi: mutumin da bai iya faɗa ba, amfaninsa kawai ya tsaya tsakanin al'ummu biyu. A nan na ga raunin littafin ƙarara. Yaƙi yana da babi sukutum: zagaye daƙiƙa shida ne, ana auna taku da ƙafa biyar-biyar, an san hukuncin wanda ya faɗi da na wanda ya laɓe bayan bango. Harshe kuwa jeri ne na sunaye 16, takwas na yau da kullum, takwas baƙi. Ko ka iya, ko ba ka iya ba. Babu mai ji bai iya mayarwa, babu mai gurguwar magana. Mu da muke cinikin tumatir a kasuwannin Yamai da rabin Zabarmanci, mu ƙarasa da Hausa da Faransanci, mun san yawancin rayuwa a wannan tsakiyar take. Kuma harsunan an ɗaure su da jinsi, kamar dai a jini ake gadon harshe. Sannan ga wani harshen gama-gari da kusan kowa ke ji, ga sihirin matakin farko da ke ba ka fahimtar duk maganar da ka ji har awa guda. Wa zai ɗauki tafinta aiki?

Amma a nan ne na samu ɓaraka mai daɗi. Dokar wannan sihiri ta ce ma'anar zahiri kaɗai yake bayarwa. Habaici fa? Karin magana fa? In sarkin wani gari ya ce wa baƙi ruwa ba ya tsami banza, sihiri zai gaya musu zancen ruwa ne. Tafintana shi zai rada musu cewa an gano akwai dalilin zuwansu. Marubutan ma sun san da wannan fage, don sun ba ɓarayi wani zaurance da ake cusa saƙo cikin hira ta yau da kullum, har suka ce yana cin ninki huɗu na lokacin magana tsaye. Sun taɓa abin, sun bar shi. Da kalmar "zahiri" ɗaya tak na ciyar da tauraro wata uku.

Na uku, hankaka. A 2016 littafin Volo's Guide to Monsters ya kawo kenku, mutane masu siffar hankaka marasa fuka-fuki, waɗanda ba su magana sai da kwaikwayon sautin da suka taɓa ji. Ka duba wannan: tauraro da kowace jimlarsa aro ce, yana gaisuwa da muryar mai sayar da kifi, yana neman gafara da muryar ubangidansa da ya mutu. Ɗalibin harshe zai ce ai duk mu haka muka koyi magana, bambancin kawai mu muna warware abin da muka ji mu sake ƙullawa. A 2022, cikin Monsters of the Multiverse, an cire wannan takunkumi, kenku ya koma magana kamar kowa. Na fahimci dalili: ba kowane ɗan wasa ke iya ɗaukar nauyin ba, kuma tsohon bayanin ya ce jinsin gaba ɗaya bai iya ƙirƙira, abin da bai da daɗin ji. Duk da haka ina ganin an yi asara. An sauƙaƙa hankaka, ya tashi daga zama hankaka.

Ban ce kamfanin Wizards of the Coast bai motsa ba. A 2020 Tasha's Cauldron of Everything ya ba da damar sauya ƙarin makin da jinsi ke bayarwa. Gyararren littafin 2024 ya sa maganar hannu cikin harsunan yau da kullum, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai sharaɗin furuci na nan daram. Bebiya za ta iya hira yanzu, sihiri kuwa har gobe da harajinsa.

Hukuncina ke nan: wasan gwani ne wajen baƙon jiki, rago ne wajen baƙon harshe. Amma ba na goyon bayan abin da wasunmu ke yi, su zo da tauraro mai ban mamaki sannan su roƙi mai jan wasa ya yafe musu duk wata doka da ta takura. In an yafe, me ya rage na mamakin? Ka karanta dokar kalma-kalma, ka nemo abin da ta faɗa da abin da ta manta, ka gina gidanka nan.

Ƴar ajinmu ta ƙi a yafe mata komai. Sati da sati tana lissafin makinta a bayan kaye da jan bik. Rannan wani bokan abokan gaba ya saukar mana da sihirin shiru, wanda ke kashe duk sauti ƙafa 20 ta kowane gefe. Mawaƙinmu ya buɗe baki, ba komai. Mai sihirin littafi ya tsaya riƙe da sanda kamar gunki. Ita kuwa ta kalli mai jan wasa, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta soke maki guda a kayenta, ta miƙa hannu a ba ta ɗan lido.