Yaba Kyauta Tukuici: Nazarin Godiya ga Mazan Jiya Daga Hubbare Zuwa Filin Fareti

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, akan taru a Abuja da manyan biranen jihohi domin tunawa da mazan jiya. Shugabanni sukan ajiye furanni, a yi shiru na ɗan lokaci, a harba bindiga, sa'an nan a saki fararen tantabaru. An zaɓi wannan rana ce domin a irinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Kafin nan ran 11 ga Nuwamba ake bikin, bisa al'adar Ingila ta tunawa da ranar da aka tsai da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan biki da ma'aunin Bahaushe, wato a ga ko ya cika sharuɗɗan abin da shi yake kira godiya. Za a ɗauko ma'aunin daga Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, da kuma adabin da ya danganci mayaƙa.

2.0 Hubbare da Rukunan Godiya

Kalmar hubbare daga ƙubba ta Larabci take, ta biyo ta bakin Fulani ta sami ɗafa-ƙeyar -re. A Sakkwato kuwa ta zama sunan wuri guda, wato gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, inda kuma aka rufe shi a 1817. Nan aka rufe 'yarsa Nana Asma'u a 1864, haka kuma Sarakunan Musulmi da dama, har da Abubakar na Uku a 1988 da Muhammadu Macciɗo a 2006. Hubbare ba maƙabartar mayaƙa ba ce, domin shahidan jihadi suna kwance a wuraren da suka faɗi. Amma duk wanda ya lura da masu ziyara, maza da mata, daga kusa da nesa, zai ga abubuwa uku: suna ambaton mamaci da sunansa, suna yi masa addu'a, suna kuma ba da sadaka ga mabukatan da ke bakin ƙofa. Ba su jiran wata rana ta musamman, kuma ba hukuma ce ta kira su ba.

Waɗannan abubuwa uku, ambato da addu'a da ɗawainiya, su ne rukunan godiya a wurin Bahaushe, kuma na ukun ya fi nauyi. Shi ya sa aka ce yaba kyauta tukuici, wato godiyar baki ba ta cika sai hannu ya biyo bayanta.

Rubuce-rubucen masu jihadi sun bi wannan tsari. Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri bai tsaya ga nasarori ba, ya ba da labarin asarar da aka yi a Tsuntsuwa a 1804, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Abdullahi ɗan Fodiyo ya adana ƙasidunsa kan Tabkin Kwatto da Alwasa cikin Tazyinul Waraƙati, kuma cikinsu akwai murna, akwai juyayi. Nana Asma'u ta waƙe yaƙin Gawakuke na 1836. Ta fuskar ɗawainiya kuwa, zuriyar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo ita ke riƙe da sarautar Binji, sunan Muhammadu Namoda kuma yana nan a jikin Ƙauran Namoda. Ke nan an biya mayaƙi da abin da 'ya'yansa da jikokinsa suka gada.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi naƙasun wannan tsari. Sunayen da aka adana na malamai ne da manyan jarumai. Dakaren da ya ɗauki baka da kwari, da bawan da ya ja doki, an dunƙule su cikin kalmar jama'a. A nan al'adar girmama sojan da ba a san sunansa ba, wadda Ingila da Faransa suka fara a 1920, tana da abin da za ta koya wa Bahaushe.

3.0 Daga Giginya Zuwa Bama

Ran 15 ga Maris, 1903, rundunar Turawa ta ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na shekarar. Abin lura shi ne, Turawan 'yan kaɗan ne a rundunar, yawancin masu riƙe da bindiga baƙaƙen fata ne, kuma da Hausawa da yawa cikinsu. Daga wannan runduna sojan Nijeriya ya tsiro. Saboda haka soja ya fara shiga zukatan Sakkwatawa ne a matsayin wanda ya ci gari, ba wanda ya tsare shi ba. Yau barikin soja na birnin da filin wasanni duk sunan Giginya suke amsawa, amma bikin 15 ga Janairu bai tanadi wuri ga waɗanda suka faɗi a wannan fili suna kare garinsu ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara sauya wannan kallo. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi a ƙasar Bama ta Asiya cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945. Dawowarsu ce ta sa Sa'adu Zungur ya tsara Waƙar Maraba da Soja. Ƙarfin wannan waƙa ba a yabon jarunta kaɗai yake ba. Mawaƙin ya fara da marhabin, amma ya zarce ga tambayar da ta fi muhimmanci, wato wace irin ƙasa ce sojan ya dawo ya tarar. An ce masa ya je yaƙi ne domin 'yanci, ga shi ya komo ƙarƙashin mulkin mallaka da talauci. Da haka Zungur ya mai da maraba ta zama bashi a wuyan al'umma, ya sauko da rukuni na uku cikin waƙa.

4.0 Waƙoƙin Yaƙin Basasa

Tsakanin 1967 da 1970 marubuta da makaɗa sun yi ta yabon soja, gidajen rediyo suna watsawa. Daga cikin fitattu akwai waƙar soja ta Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega. Ta fuskar sarrafa harshe da zubin kirari, ba a ja da gwanintar irin waɗannan waƙoƙi. Amma aikinsu zuga ne, kuma zuga tana da wa'adi. Maroƙi yakan zuga ɗan dambe ne yana cikin fage, in ya faɗi ko ya tsufa sai kalangu ya koma kan wani. Sojan da ke cikin waɗannan waƙoƙi matashi ne mai tafiya bakin daga. Wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, da matar da aka aiko mata da kayan mijinta, da kyar ake jin ɗuriyarsu.

Harshen kansa ya nuna wannan giɓi. Mazan jiya kalma ce ta girmamawa, ita ake ji a jawabi da rediyo. Tsohon soja kuwa, a bakin mutanen gari, sau da yawa mai gadi ake nufi, ko mutum mai zafin kai da ake kauce wa. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da sunayen biyu: na farko kwana ɗaya a shekara, na biyu sauran kwanakin.

5.0 Auna Bikin

In aka ɗora bikin 15 ga Janairu a kan ma'aunin Hubbare, za a ga rukunin addu'a bai ɓace ba, domin akan yi addu'o'i a masallatan Juma'a da majami'u kafin ranar. Rukunin ambato ne ya raunana. Fure da tantabara ba su da ma'anar makoki a al'adar Bahaushe, kuma ba a karanta sunayen 'yan gari da suka faɗi, ko a Bama, ko a yaƙin basasa, ko a Laberiya da Saliyo, ko a yaƙi da Boko Haram da 'yan bindigar daji. Rukunin ɗawainiya kuwa shi ne mafi rauni. Gaskiya ne akan sayar da tambarin tunawa domin tara gudummawa, amma a 2024 da 2025 sai da tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Wanda aka yi wa fareti bai kamata a gan shi bakin ƙofa yana bin bashi ba.

6.0 Kammalawa

Wannan nazari bai nufi a soke fareti ba, kuma bai nufi a mai da Hubbare dandalin biki ba, domin wurin ziyara ne da natsuwa. Abin da ya nuna shi ne kishin ƙasa na bainar jama'a ba ya kama zuciya sai ya yi magana da harshen mutanen wurin. Sakkwato tana da damar da ba kowane gari ke da ita ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'adu Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2006, shi kansa birgediya janar ne mai ritaya. Aikin da ya rage wa manazarta shi ne tattara sunayen mayaƙan kowace gunduma da labaransu daga bakin iyalansu. Na marubuta waƙa shi ne su bi sawun Zungur su waƙe wanda ya dawo. Na hukuma kuwa tukuici ne, a biya shi a kan kari.