Furodusan Yau Zuma, Gobe Maɗaci

Jama'a, tun fitowar Turmin Danya a 1990 nake kallon finafinan Hausa a nan Makarfi. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne furodusan da zai yi fim ɗaya mai ma'ana, uku na shirme, amma gobe a sake damƙa masa kuɗi.

Dalili? Mai jari suna yake saye, ba labari ba. A zamanin kaset, dillalan Ƙofar Wambai wanda suka sani suke yi wa ciniki, don jarumai na amsa kiransa. Yaro mai basira daga Ikara ko Kudan kuwa, wa zai tsaya masa?

Laifin har da mu: muna zagi, muna saye. Ko mai sarin rake sai ya ɗanɗana yake biya. Allah ya ganar da mu.