Gwanintar Mayar Da Daji Bayan Haƙar Ma'adinai

A kudu maso yammacin Ostireliya, kusa da birnin Perth, akwai dajin jara, wata doguwar bishiya dangin zaiti. Tun 1963 kamfanin Alcoa ke haƙar boksit a dajin, wato dutsen da ake fitar da alminiyum daga cikinsa.

Masu gyaran filin sukan fara nasu aikin tun ba a taɓa dutsen ba. Sukan kankare ƙasar sama, kimanin santimita 15, su ware ta daban. A ido turɓaya ce kawai, amma a cikinta irin ciyayi da na tsirrai yake kwance, tare da ƙananan halittun da saiwa ke dogara da su. Idan aka tara ta tsibi ta daɗe, irin mutuwa yake yi. Shi ya sa gwani ke tsara aikin yadda ƙasar da aka kwaso daga sabon fili za ta wuce kai tsaye zuwa ramin da aka gama haƙa, kuma da rani, tana bushe. Wannan lissafin lokaci ne ya fi burge ni.

Shi kuwa ramin, sai an daidaita gaɓarsa tukuna. Manyan motoci sun danƙare ƙasar, saboda haka katafila kan ja wani ƙaton ƙarfe mai fukafukai ta tsaga ta, zurfin mita ɗaya da rabi. A gicciye ake tsagar, ba a bin gangare, don ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya ci zaizaya. Ana dawo da kututture da duwatsu, mafakar ƙadangaru da ƙwari.

Sai shuka. Tun 1988 irin tsirran dajin kaɗai ake watsawa. Wani irin ba ya tsirowa sai hayaƙi ya taɓa shi, domin da gobarar daji ya saba, don haka akan bi shi da hayaƙi kafin a watsa. Tsirrai masu taurin kai kuwa, a ɗakin gwaji ake renon su, a dasa da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Duk da wannan ƙwazo, kogon bishiyar da tsuntsu zai yi sheƙa sai an haura shekara 100 kafin ya samu. A jihar Filato kuwa, ramukan da masu haƙar kuza suka tafi suka bari ba tare da irin wannan gyara ba suna nan cike da ruwa har yau.