Gloria Gaither da Baitin Jariri

In ka taɓa zama a sujadar Turanci ranar Ista, da wuya a ce ba ka ji waƙar "Because He Lives" ba. Sunan Bill Gaither aka fi ambata, alhali a yawancin waƙoƙinsu, waɗanda suka haura 700, matarsa Gloria ce mai tsara kalmomi, shi kuma ya sa musu murya.

An haife ta a 1942 a jihar Mishigan ta Amurka, 'yar fasto ce. Ta auri Bill a 1962, dukansu malaman makaranta a garin Alekzandariya na jihar Indiyana. A can suka riƙa buga waƙoƙinsu da kansu suna aika wa ikilisiyoyi, har abin ya zama kamfanin Gaither Music Company. Wasu sukan ɓata rai in an haɗa yabon Ubangiji da ciniki. Ni ban ga laifi ba, gama takarda da tawada ba kyauta ake samunsu ba, kuma waƙar da ba a buga ba takan mutu tare da mai ita.

Waƙar ta fito a 1971. Gab da rubuta ta, yaƙin Biyetnam bai ƙare ba, wasu masana suna shelar wai Allah ya mutu, Bill yana fama da ciwo, ga Gloria da cikin ɗansu na uku, Benjamin. Ka dubi yadda baitocin suka jeru. Na fari ya ba da labarin gicciye da kabarin da aka iske wofi, na ƙarshe ya kai mai bi bakin mutuwa. Tsakaninsu sai ga jariri a hannun iyayensa. Nan ne gwanintarta take. Koyarwar da Manzo Bulus ya shimfiɗa a 1 Korantiyawa 15, ita ce Gloria ta sauko da ita ɗakin mai jego, inda uwa take duban ɗanta tana tunanin irin duniyar da ta kawo shi. Wace uwa ce a zumuntar mata ba ta san wannan fargaba ba?

Sai dai ina da ƙorafi a kan amshin. Ya yi hanzarin kawar da tsoro ɗungum, kamar mai share tsakar gida. Zabura ba ta yin haka. Takan bar Dawuda ya yi kuka son ransa kafin ya ɗaga kai. Gwauruwar da ta binne mijinta makon jiya za ta iya ji kamar an ce hawayenta ƙarancin bangaskiya ne. Saboda haka, in kai ne shugaban mawaƙa, kada ka bari a tsallake baiti na biyu don sauri, kada kuma mai ganga ya ja amshin da gudu. A jana'iza, a fara karanta Zabura 13 tukuna.