Jinjina ga Maƙeran Manhajar AVADAR

Ba kowa ya san fuskokinsu ba, amma masu rubuta manhajar waya sun ba da nasu ƙarfin a yaƙi da cutar shan-inna. Hujjata ita ce AVADAR, wadda aka fara aiki da ita a Najeriya a 2016.

Duk mako, wayar ungozoma ko mai maganin gargajiya takan nuna ɗan gajeren bidiyo na yaron da ƙafarsa ta saki, sannan ta tambaya: an ga irin wannan a unguwarku? Sai mutum ya danna e ko a'a. Amsar ta saƙon tes take isa ga jami'an lafiya, ba ta jiran intanet, domin maƙeranta sun san halin sabis a ƙauye. Nan ne suka fi burge ni, wallahi: sun ɗinka rigar daidai jikin mai sawa.

A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Allah ya saka musu da alheri.