Mafarkin Pam: Gardamar Masu Kallo a kan Gaskiya cikin Wasan Dallas

1. Gabatarwa

Duk inda ake kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango na talabijin, ba a rasa wanda zai ce, "Kai, wannan ba ta yiwuwa!" Mai wannan magana ya san sarai wasa yake kallo, ya kuma san ƴan wasa ne aka biya suka hau matsayin mutanen da babu su a duniya. Duk da haka sai ya ware abu guda cikin ƙagaggen labari ya kira shi ƙarya, sauran kuwa ya ƙyale su. Tambayar da ta kamata ɗalibin adabi ya yi ita ce: da wane ma'auni mai kallo yake wannan rarrabewa? Domin amsa ta, za a duba misali ɗaya wanda ya yi fice a tarihin talabijin, watau dawowar Bobby Ewing daga mutuwa cikin wasan Dallas na ƙasar Amurka a shekara ta 1986.

2. Wasan da mutanensa

Irin wannan wasa ya samo asali daga gidajen rediyon Amurka tun shekarun 1930. Kamfanonin sabulu, irin su Procter & Gamble, su ne suke biyan kuɗin shirin domin su tallata kayansu ga matan gida, shi ya sa Turawa suke yi masa laƙabi da wasan sabulu. Babbar alamarsa ita ce ba a tsara shi don ya ƙare ba. Kowane kashi yana tsayawa ne daidai inda hankalin mai kallo ya tashi, don ya dawo wani mako.

David Jacobs ne ya ƙirƙiro Dallas, tashar CBS ta nuna shi daga watan Afrilu na 1978 zuwa watan Mayu na 1991, kashi 357. Labarin gidan Ewing ne, attajiran man fetur da shanu a jihar Teksas. Uban gida Jock da matarsa Miss Ellie suna zaune gida ɗaya da ƴaƴansu biyu: J.R., makiri wanda ba ya ƙin cutar kowa saboda dukiya, da ƙanensa Bobby, mai gaskiya da tausayi. Bobby ya auri Pam, ɗiyar gidan Barnes, waɗanda gabarsu da gidan Ewing ta gado ce. Wasan ya kai matuƙar farin jini a 1980, lokacin da aka harbi J.R. cikin watan Maris, aka bar mutane wata takwas suna cacar baki a kan wanda ya yi harbin. Kashin da ya ba da amsa, ran 21 ga Nuwamba, mutum fiye da miliyan 80 suka kalle shi a Amurka kaɗai. A Faransa tashar TF1 ta soma nuna shi da muryoyin Faransanci a 1981.

3. Mutuwar Bobby da dawowarsa

A 1985 Patrick Duffy, mai fitowa a matsayin Bobby, ya yanke shawarar barin wasan. Marubuta suka kashe Bobby kisan da babu shakka a cikinsa. Wata mata ta nufo Pam da mota, Bobby ya ture ta gefe, motar ta banke shi, ya cika a asibiti a gaban danginsa. Aka yi jana'iza, aka buɗe wasiyya, aka ci gaba da labari har kashi 31 ba tare da shi ba.

A wannan zango, na 1985 zuwa 1986, wasan ya sauko daga matsayi na 2 zuwa na 6 a jerin shirye-shiryen da aka fi kallo a Amurka. Larry Hagman, mai fitowa a matsayin J.R., ya lallashi Duffy har ya yarda ya dawo. Ran 16 ga Mayu 1986, a ƙarshen zangon, Pam ta farka daga barci ta ji ƙarar ruwa a makewayi, ta buɗe ƙofa, sai ga Bobby yana wanka, ya juyo ya yi mata ina kwana. Da aka dawo cikin watan Satumba sai aka bayyana cewa mutuwarsa, da duk abin da ya biyo bayanta, mafarki ne Pam ta yi cikin dare ɗaya. Mutane da yawa suka ji an raina musu hankali, har abin ya zama abin ba'a da ake buga misali da shi a talabijin ɗin Amurka.

4. Abin da aka haɗiye da abin da aka tofar

Idan aka ce masu kallo sun ƙi mafarkin ne saboda bai yi kama da rayuwa ba, maganar ba za ta tsaya ba, domin Dallas bai taɓa kama da rayuwar yawancin masu kallonsa ba. Attajirai masu miliyoyi suna cunkushe gida ɗaya da surukai alhali ba sa ga-maciji da juna. Iyali guda sun ga harbi da gobara da haɗarin jirgi da shari'ar kisan kai cikin ƴan shekaru. A 1984 ma an canza fuskar uwar gida ɗungurungum: Donna Reed ta karɓi matsayin Miss Ellie daga Barbara Bel Geddes, bayan shekara guda ta farkon ta dawo, ƴaƴanta na cikin wasa ba su ko ɗaga gira ba. An yi gunaguni, amma an ci gaba da kallo. Abin mamaki kuma shi ne, cikin dukan waɗannan, mafarki shi ne wanda ya fi yiwuwa, tun da mutane da yawa sun taɓa mafarkin mutuwar wani nasu.

Wata masaniya mai suna Ien Ang ta yi bincike a kan wannan batu a ƙasar Holan. Ta sa sanarwa cikin mujallar mata mai suna Viva tana neman masu kallon Dallas su rubuto mata dalilin so ko ƙin da suke yi masa, ta sami wasiƙu 42. Littafinta ya fito da harshen Holanci a 1982, fassararsa ta Ingilishi, Watching Dallas, a 1985. Ta lura cewa masoyan wasan suna kiransa mai gaskiya alhali sun san dukiyar da ke ciki ta wuce hankali. Abin da suke nufi shi ne kishi da cin amana da rikicin gado da auren da ya mutu ana zaune, duk sun san ɗanɗanonsu a gidajensu. Ana iya kiran wannan gaskiyar zuci, a bambanta ta da gaskiyar zahiri.

Sai dai binciken ya riga mafarkin Pam, kuma gaskiyar zuci ita kaɗai ba ta isa ta bayyana fushin 1986 ba. Farin cikin matar da ta iske mamacinta da rai ai abu ne da zuciya take ganewa. Saboda haka akwai ma'auni na uku, wanda za a iya kira gaskiyar alkawari. Mai kallo yana ba da lokacinsa mako-mako bisa yarjejeniya ɗaya, cewa abin da ya faru ya faru, kuma zai haifi wani abu gaba. Cikin zangon da aka shafe, Sue Ellen, matar J.R., ta faɗa cikin shaye-shaye har ƙasa, sannan ta yi fama ta miƙe. Ray da matarsa Donna sun rasa cikin da suke jira, suka shiga neman riƙon wani yaro kurma. Pam kanta ta yi sabon aure. Mutane sun bi waɗannan labarai wata takwas, wasu har da hawaye, aka wayi gari aka ce musu babu ko ɗaya da ya auku. Daga ranar nan duk mutuwar da aka nuna cikin wasan ta rage nauyi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɓarnar ta ƙetara har maƙwabta. Akwai wani wasa mai suna Knots Landing da ya tsiro daga Dallas a 1979, wanda yake bin rayuwar Gary, ɗan'uwan J.R. da Bobby. A can an riga an yi makokin Bobby, har an raɗa wa yaro sunansa. Masu shirya wasan suka ƙi bin zancen mafarki, sai ya zamana mutum ɗaya yana raye a wannan shiri, yana kabari a wancan, duk a tasha ɗaya.

5. Darasi daga tatsuniya

Ɗalibin adabin baka na Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Mai tatsuniya tana buɗewa da "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "Ta zo mu ji ta", kuma da wannan amsar an ƙulla yarjejeniya. Babu yaron da zai ce Gizo ba ya magana, ko ya tambayi yadda aka yi kura ta je kasuwa. Amma in mai tatsuniya ta manta cewa kura ta mutu cikin rijiya, ta sake kawo ta gaba ba tare da dalili ba, nan take za a ji "A'a, ai kin ce ta mutu!" A ƙarshe kuma takan rufe da "Ƙurunƙus kan kusu", har ta ambaci ƙarya da bakinta, ba wanda zai ji haushi, domin furucin ya shafi labarin ne gaba ɗayansa, bayan an gama cin moriyarsa. Kuskuren Dallas shi ne ya yi ƙurunƙus a tsakiya, ya ƙaryata kashi 31, sannan ya nemi a ci gaba da gaskata na gaba.

6. Uzurin masu shiri

Adalci ya sa a dubi matsin da marubutan suke ciki. Marubucin littafi shi ke da iko da taurarinsa, marubucin irin wannan wasa kuwa taurarinsa mutane ne masu kwangila, masu ciwo, masu mutuwa. Da Jim Davis, mai fitowa a matsayin Jock, ya rasu a 1981, dole aka kashe Jock cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Kudancin Amurka. Wannan bai jawo gardama ba, domin an gina labari a kansa, rikicin gadon Jock ya ciyar da wasan shekaru. Game da Bobby kuwa, an nuna cikawarsa a fili, ƙofofin dawowa sun yi kaɗan. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mafarkin dukan laifin faɗuwar wasan. Gangarowar ta soma kafin mafarkin, kuma ko da ya sauka zuwa matsayi na 11 a zangon da ya biyo, ya ƙara shekara biyar ana nuna shi. Uzurin yana bayyana dalilin da ya sa aka yi, amma bai mai da shi aiki mai kyau ba. An sayi dawowar tauraro ɗaya da amanar masu kallo, cinikin kuwa ya yi tsada.

7. Kammalawa

Wasannin Hausa masu dogon zango sun shiga wannan fage tun da tashar Arewa24 ta soma Daɗin Kowa a 2015, Aminu Saira kuma ya fito da Labarina a 2020. Su ma suna gamuwa da irin matsalar. A 2022 Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta ci gaba da matsayin Sumayya. Sauya fuska irin wannan ya fi kama da na Miss Ellie, domin tarihin tauraruwar yana nan, abin da ta sha ta sha.

Saboda haka, idan mai nazari ya ji mai kallo ya ce "ba ta yiwuwa", ya kamata ya bincika wace gaskiya ake nufi cikin ukun nan. Ƙorafi a kan ta zahiri yakan wuce da dariya. Ƙorafi a kan ta zuci yana nuna raunin rubutu. Ƙorafi a kan ta alkawari shi ne mafi haɗari ga mai shiri, domin daga shi ne mai kallo yake soma lissafin dararen da ya ɓata a gaban akwatin talabijin.