Likitar Littafi da Likitar Asibiti

Yau da wasu 'yan uwana marubutan soyayya nake. Sai ki ga tauraruwar littafi ta shiga jami'a a shafi na 40, a shafi na 45 ta fito da farar riga ana kiranta Dakta. Tsakanin nan ba abin da muka gani sai kwalliya da samari masu motoci. Haba jama'a!

Karatun likita a Nijeriya shekara 6 ne. Tun a shekara ta biyu ake kai ɗaliba ɗakin gawa, inda warin maganin fomalin ke sa ido hawaye. Nan za ta sa safar hannu ta ɗauki aska, ta bi fata da tsoka da jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ƙasusuwan baligi 206 ne, a tafin hannu da wuyansa da yatsu kaɗai akwai 27, kowanne da sunansa.

Kada ki ce ai zanen littafi ya isa. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, birai da wasu dabbobi ya riƙa feɗewa, aka bi maganarsa fiye da shekara 1,000. Sai a 1543 Basaliyus, wanda ya duba jikin mutum da hannunsa, ya nuna cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba. Gani ya kori ji.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yana ratsawa ne dab da jijiyar jinin mahaifa. Likitar da za ta yi miki tiyata dole ta san wurin da idonta da yatsunta, in ba haka ba a garin gyaran gira a rasa ido.

Illar irin waɗannan littattafai ita ce yarinya ta tafi da mafarki, ranar da ta ga gawa ta tattara ta gudo gida. Mu kuma ranar haihuwa muna neman likita mace. Marubuciya, ki je ki tambayi ɗalibai kafin ki ɗauki biro. Ki nuna mana fargabar ranar farko, da girmama mamacin da ake koyo a jikinsa, da karatun dare. Uwa kuma ki faɗa wa 'yarki gaskiya, sannan ki ƙarfafa mata gwiwa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu juriya, amin.